An yanke wa Baba hukunci a bayan idonsa, kuma ya rasu: wa ke da bakin magana a kotu?

Yaya kotu za ta yanke wa mutum hukunci bai je ba?

Dokar aikin Babbar Kotun Ghana ta 2004, wato C.I. 47, ta ba wanda aka kai wa sammaci kwana 8 ya sanar da kotu cewa zai kare kansa, sai kwana 14 ya shigar da amsa. In ya yi shiru, mai ƙara na iya neman hukunci. Da yawa daga dattawanmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi ninke takardar suke yi su cusa ƙarƙashin katifa, wai Sarkin Zango zai sasanta. Sai bayan sadakar arba'in a ga ma'aikacin kotu a ƙofar gida.

Ni ne babban ɗansa. Ba sai in je kotu a Adum in ce a soke ba?

A gida kai ne babba, amma alƙali takarda zai tambaya. Dokar kula da gado ta 1961 ta ɗora dukiyar mamaci a hannun wakilinsa na doka: wanda ya naɗa a wasiyya, ko wanda kotu ta ba takardar kula da gado, wadda lauyoyi ke kira L.A. Shi zai nemi a sa sunansa a madadin marigayin, sannan ya roƙi a soke hukuncin. Rabon da malam ya yi a zaure bai isa ba.

In takardar ba ta fito ba, ga shi ana shirin sayar da gidan fa?

Ƙofa ba ta rufe ba. A 2018 Kotun Ƙoli ta yarda 'ya'yan wanda ya rasu ba wasiyya su kare dukiyar gado tun kafin L.A. Wanda hukuncin ya cutar, ko da babu sunansa a shari'ar, na iya neman izinin shiga, ya sanar da ɓangarorin biyu. Sai dai lauyan mai ƙara zai yi ta jayayya a kan wannan, don haka a nemi takardar tun da wuri.

Me za a gaya wa alƙali?

Dalilin da ya hana marigayin zuwa, kamar jinya, da hujjar cewa yana da kariya ta gaske: rasit, takardar fili, shaidu. Jinkiri na ɓata roƙo. Amma in sammacin bai taɓa isa hannunsa ba, hukuncin ba shi da tushe, kuma tun shari'ar Mosi da Bagyina ta 1963 irin wannan ana iya soke shi kowane lokaci.

Ba mu da kuɗin lauya.

Ku je ofishin Hukumar Taimakon Shari'a na Kumasi, da takardar shaidar mutuwa da kwafin hukuncin.