Neman kalma da hasken lesa: tambayoyin da kuka dame ni da su

Kwamfutar haske ta fi ta lantarki saurin gano kalma?

A tsakiyar aikin, i. Don Allah a daina karanto mini cewa haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Sabuwar fasaha ce?

Ina! Tun 1964 Anthony VanderLugt ya nuna dabarar a Jami'ar Mishigan da ke Amurka.

Yaya take aiki?

Ana ɗora rubutun a kan wani ɗan allo, hasken lesa ya ratsa shi, ya faɗa kan gilashi mai tattara haske. Gilashin da kansa yake yin lissafin Fourier, wato rarraba hoto zuwa zane-zanen layuka, manya da ƙanana, da suka haɗu suka yi shi. A gaba akwai matata mai ɗauke da siffar kalmar da ake nema, sai gilashi na biyu, sai kyamara. Duk inda kalmar take a shafin, ɗigon haske zai fito kamar tauraro a daren duhu. Shafin duka ake dubawa lokaci guda, ba harafi bayan harafi ba.

Zan iya sa ta a laftof ɗina?

A'a.

Za ta bambance "ƙasa" da "kasa", ko "baƙi" da "baki"?

Yauwa, wannan ce tambaya. Ya danganta da yadda ka ciyar da ita. In siffar haruffan ka ba ta kamar hoto, ƙugiyar ƙ 'yar mitsitsiya ce, don haka ɗigon "kasa" zai haska kusan daidai da na "ƙasa". Na'urar kamanni take aunawa, ba ta cewa "shi ne" ko "ba shi ba ne". Kai za ka yanke iyakar hasken da za ka karɓa: ka tsananta, ka rasa na gaske, ka sassauta, tarkace su shigo. Canza girman rubutu ko karkata shafi kaɗan ma na iya dusashe ɗigon.

In kuwa ka mai da kowane harafi wani tsarin ɗigogi na daban, ƙ da k sun rabu sarai. Amma wa ya yi wannan juyin? Kwamfutar lantarki. Ita za ta loda allon, ita za ta karanta kyamarar, kuma galibi a wannan shiga da fita saurin da haske ya samo ke zurarewa. Ga wanda zai nemi abubuwa da yawa a tarin bayani iri ɗaya, kuma kusan-daidai ya ishe shi a zagayen farko, lissafin na iya fita. Shi ma sai lantarki ya tantance sakamakon.

To wa ke wahala da ita?

Masu binciken ƙwayoyin gado. Haruffa huɗu ne kacal, A, C, G, T, amma jerin ɗan Adam ya kai kusan biliyan 3. Kamfanin Optalysys na Ingila ya gwada irin wannan nema tare da cibiyar Earlham da ke Norwich.

In jira ta kafin in fara aikina?

Kwantar da hankalinka, malam. Dabarar Boyer da Moore ta 1977, ta neman kalma a kwamfutar lantarki, tana tsallake haruffa tana nema, kuma grep, manhajar neman kalma a cikin fayil, yana nan kyauta. Buɗe fayil ɗinka ka fara.