Waiwaye: Yadda matan rodiyo suka daidaita kuɗin kyauta da maza a Amurka

Masu bibiyar rodiyo, wato gasar makiyayan Amurka ta hawan doki da kamun shanu, suna ta muhawara a kan mata masu zarge maraƙi da igiya, waɗanda tun 2020 ake yi musu gasar ƙarshen shekara dabam, ba a cikin babbar gasar ƙasa ta Las Vegas ba. Wannan takaddama tana da dogon asali.

A farkon ƙarni na 20 mata suna hawan dawakai masu tutsu kafaɗa da kafaɗa da maza, sai dai bayan rasuwar Bonnie McCarroll a 1929 sakamakon faɗuwa daga doki, aka yi ta janye su daga fili. A 1948 mata 38 suka kafa ƙungiyarsu a San Angelo ta jihar Texas, kuma a 1967 tseren zagaye ganguna ya shiga babbar gasar. A wannan tsere mahayiya tana kewaya ganguna uku a sukwane, idan ta kayar da ɗaya a ƙara mata daƙiƙa 5, abin da kan raba ta da kyauta baki ɗaya.

Da an ambaci wannan tsere, sunan Charmayne James ake fara kawowa, kuma ta cancanta. Yarinya ce daga Clayton ta jihar New Mexico da ta zama zakarar duniya a 1984 tana da shekara 14, a kan Scamper, dokin da aka samo a wurin kiwon shanu, ta kuma riƙe kambun shekara 10 a jere. A 1985 linzami ya suɓuce wa dokin ana tsakiyar gudu, amma duk da haka ita ta lashe zagayen.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne matakin da ƙungiyar matan ta ɗauka a 1980, kafin kowa ya san yarinyar. Ta sanar da masu shirya gasanni cewa daga 1985 duk wanda bai ba tseren ganguna kuɗin kyauta daidai da na wasannin maza ba, ba za ta amince da gasarsa ba. Kasada ce babba, domin mahayan nan da kuɗin kyauta suke sayen ciyawa da mai, suna jan tirelar doki daga gari zuwa gari, kuma da masu gasar sun ƙi, su ne za su fara shan wahala. Suka tsaya a kan bakansu, kusan dukkan gasannin kuma suka bi kafin wa'adin ya cika. A ganina, dala miliyan ɗaya da Charmayne ta cika a 1990, wadda ita ce ta farko a wannan tsere da ta tara haka, ta samu ne a kan wannan tubali, domin bajinta ba ta ƙara kuɗin da ba a sa a gasa ba.

Ita kanta babbar gasar ƙasa sai a 1998 kuɗin ya daidaita a cikinta, shekara 31 bayan shigar tseren ganguna, kuma irin wannan mazauni ne masu zarge maraƙi suke nema yanzu.