Dokar Turai ta hana kamfani shaƙe BitTorrent, amma ba ta shiga cikin gida ba

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai sauke manyan fayiloli ta BitTorrent ya san yadda abin yake. Da ya kunna, sai kiran bidiyo ya fara tsinkewa, shafi ya ƙi buɗewa, murya a WhatsApp ta riƙa isowa bayan mai maganar ya daɗe da yin shiru. Nan da nan kowa ya hau kan kamfanin intanet da faɗa. Wani lokaci kamfanin ne da laifi. Sau da yawa kuwa laifin yana nan kan tebur, cikin 'yar akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ake kira rauta. A ƙasashen Tarayyar Turai akwai dokar da ta shata iyaka tsakanin biyun, kuma ya kamata 'yan'uwanmu mazauna can su san ta.

Ita ce doka mai lamba 2015/2120, wadda aka zartar a watan Nuwamba na 2015, ta fara aiki ranar 30 ga Afrilu 2016. Zuciyarta sashe na 3 ne. Ya ba mai biyan kuɗin intanet 'yancin karɓa da aika abin da yake so, da manhajar da ya zaɓa, da na'urar da ya zaɓa. Ya kuma wajabta wa kamfani ya ɗauki duk data daidai wa daida, ba tare da duba wa ya aiko, wa zai karɓa, ko wace manhaja ce ta ɗauko ba. Toshewa, rage gudu da gangan, ko lalata ingancin wata manhaja ta musamman, duk an hana.

Ba haka kawai aka tashi aka rubuta wannan ba. A Amurka, cikin 2007, an gano kamfanin intanet na Comcast yana cusa saƙonnin bogi tsakanin kwamfutoci biyu masu musayar fayil, kowacce ta zaci ɗayar ce ta katse layi. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gwada da kansa ya tabbatar, kuma a 2008 hukumar sadarwa ta FCC ta ce abin ya saɓa ƙa'ida, kodayake kotu ta soke hukuncin a 2010 bisa cewa hukumar ba ta da hurumi. A Turai ma, binciken da BEREC, ƙungiyar hukumomin sadarwa na nahiyar, ta fitar a 2012 ya nuna musayar fayil tsakanin kwamfutoci da kiran waya ta intanet su ne kamfanoni suka fi dannewa.

To me ya sa wannan fasaha ta tsone wa kamfanoni ido? BitTorrent, wadda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001, ba ta zuwa rumbu guda ta ɗauko fayil. Tana yayyanka shi gutsure-gutsure, ta karɓo kowane gutsure daga wajen mutane daban-daban, kuma duk wanda ya shigo hannunka kai ma nan take kana miƙa wa wasu. Kai ne mai saye, kai ne mai sayarwa. Layukan gida kuwa, musamman na wayar tarho da na kebul, an gina su da faffaɗar hanyar shigowa da siririyar hanyar fita, don an ɗauka mutum zai fi karɓa fiye da aikawa. Idan gidaje da yawa a unguwa ɗaya suka cika wannan siririyar hanya dare da rana, maƙwabta ma sai sun ji a jikinsu.

Dokar ba ta rufe ido ga wannan ba. Ta yarda kamfani ya tsara zirga-zirgar data, amma da sharuɗɗa masu tsauri: a fili, ba wariya, ba wuce gona da iri, ba don neman riba ba, ba tare da leƙa abin da ke cikin saƙon ba, kuma kada ya wuce lokacin da ake buƙata. Bayan haka ƙofofi uku ne kawai aka bari da za a iya toshewa ko rage gudu. Akwai bin doka ko umarnin kotu, akwai kare tsaron layin da na'urorin jama'a, sai kuma cunkoso, wanda ke shirin afkuwa ko na ɗan lokaci ko na ba-zata. Ko a cunkoson ma, dole a yi wa kowane nau'in data irin abin da aka yi wa makamancinsa. A ganina nan ne dokar ta yi adalci. Kamfanin da layinsa ke cika kowace yamma shekara da shekaru ba zai kira wannan ba-zata ba. Faɗaɗa layi ne ya hau kansa, tunda ya karɓi kuɗin mutane. Kuma BitTorrent ba ta ɓarayi kaɗai ba ce, da ita ake rarraba Ubuntu da sauran nau'o'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta bisa halal.

Sai dai duk wannan ya tsaya ne a bakin ƙofarka. Rauta tana da littafin rajista a ƙwaƙwalwarta, inda take rubuta kowace hulɗa da wata na'urar gida ta buɗe da waje, don ta san wa za ta miƙa wa amsa. Fayil ɗaya na BitTorrent yana iya buɗe hulɗa da mutane da dama, idan fayilolin suka yi yawa lissafin ya kai ɗaruruwa. Ƙaramar rauta mai ƙarancin ƙwaƙwalwa sai littafin ya cika, ta daina karɓar sababbi, wata ma ta sume sai an cire wuta an mayar. Matsala ta biyu ta fi wannan yawa. Idan hanyar fita ta cika, duk abin da zai bar gidan sai ya bi dogon layi, har da 'yan ƙananan saƙonnin nan na “na karɓa, ƙaro” da saukewa ke dogaro da su. Shi ya sa aikawa da yawa ke kashe gudun saukewa, kuma muryarka a waya take makara. Maganin yana cikin saitin manhajar: ka rage adadin hulɗa, ka sa wa aikawa iyaka ƙasa da ƙarfin layinka, ka kuma bar tsarin uTP a kunne, domin an gina shi ya ja da baya da zarar ya ga jinkiri ya fara ƙaruwa.

Idan ka yi duk wannan gudun bai gyaru ba, sashe na 4 na dokar naka ne. Ya tilasta kamfanin layin gida ya rubuta a kwantiragi gudu mafi ƙanƙanta, da wanda aka saba samu, da mafi girma, da wanda ya tallata. Giɓi babba da ke ɗorewa ko yake maimaituwa saɓa alkawari ne, matuƙar an auna shi da ma'aunin da hukuma ta amince da shi. A Jamus, tun Disamba 2021, mai layi yana iya rage kuɗin da yake biya idan ya kafa hujja da manhajar awo ta hukumar Bundesnetzagentur, awo 30 a ranaku uku daban-daban, kwamfutar a jone da rauta ta kebul. Ka kashe BitTorrent kafin ka fara, in ba haka ba kanka ka auna.

Abu ɗaya da nake roƙon kada a yi wasa da shi: dokar ta faɗa da bakinta cewa ba ta taɓa dokokin da ke fayyace halaccin abin da ake aikawa ba, kuma dokokin haƙƙin mallaka suna cikinsu. A watan Yuni na 2021, a shari'ar kamfanonin Mircom da Telenet da ta taso daga Beljiyam, kotun Tarayyar Turai ta ce aika gutsuren fim mai haƙƙin mallaka, ko da manhajar ce ke yi da kanta, rarraba wa jama'a ne. Duk wanda kuke musaya da shi yana ganin lambar layinka, kuma a Jamus wasiƙar lauya mai neman diyya tana zuwa ne da sunan wanda ya sa hannu a kwantiragin, ko da ɗa ne ko baƙo ya kunna.