Wai me ake nufi da "dutsen wata" ne?

Tun da aka yi gwanjon wani dutse da ya faɗo daga sama, wanda aka tsinta a yankin Agadez, a birnin New York a watan Yulin 2025, kowane dutse ya zama dutsen wata. Mutum zai ɗora hoton wani baƙin dutse mai sheƙi ya manna masa maganadisu ya rubuta wai dutsen wata ne na sayarwa, jama'a kuma su yi ta tambayar nawa ne. To shi na Agadez ɗin ma ba na wata ba ne, daga duniyar Mars ya fito, kamar wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962. Ba duk abin da ya faɗo daga sama ba ne ya fito daga wata, galibinsu ɓaraguzan duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupita ne.

Dutsen wata na gaskiya ga yadda yake zuwa: wani ƙaton dutse ya faɗa wa wata da ƙarfi, ɓaraguzai su yi tsalle, wanda gudunsa ya haura kilomita 2.4 a daƙiƙa sai ya kuɓuce wa jan wata, ya yi ta gararamba a sararin samaniya har wata rana duniya ta janyo shi. Daban yake da wanda 'yan sama jannatin Apollo suka ɗebo da hannu tsakanin 1969 da 1972, kilo 382, wannan yana hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Na farko da aka gane na wata ne a Antatika aka tsince shi a 1982, ana kiransa ALH A81005, daga baya aka yi ta samu a Oman da Libiya da sauran Sahara. Kuma har yau ba a taɓa ganin faɗowar ko ɗaya ba, duk tsintarsu aka yi, don haka mai cewa da idonsa ya ga nasa ya faɗo daren jiya, to dai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwajin maganadisun nan. Ai a kife ake fahimtarsa. Duwatsun saman da ke kama maganadisu da ƙarfi su ne masu ɗanyen ƙarfe da nikel a jikinsu, wato 'yan yawon nan da na faɗa. Na wata kuwa da ƙyar yake jan maganadisu, wani ma sam. Ƙarfensa a ɗaure yake cikin ma'adinai, ɗanyen da ke ciki kaɗan ne ƙwarai. Idan dutsenka ya manne ɗam, wannan hujja ce a kanka.

Kamanninsa ma ba wani abin burgewa. In aka yanka shi za ka ga fararen gutsattsari masu kusurwa a warwatse cikin toka-toka ko baƙi, kai ka ce ɓallin kankare ne. Dalili shi ne shekaru biliyoyi ana jifar wata, dutse ya farfashe, zafin wani jifan ya sake haɗe shi, ya sake farfashewa. Fararen nan ma'adinin anotait ne, dangin felsfa mai yawan kalsiyam da alminiyom, shi ne ya cika wuraren da muke gani da haske a fuskar wata. Duwatsun wannan yanki alminiyom ɗinsu haɗe da oksijin yakan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, ƙarfe kuwa bai fi kashi 3 zuwa 6 ba. Baƙaƙen tabon wata kuma narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, nan ƙarfe ke haurawa kusan kashi 20, ga ma'adinan fairoksin da olibin, wani lokaci da ilmenait mai taitaniyom. Akwai 'yan kaɗan masu abin da ake kira KREEP, wato fotasiyam da fosfaras da wasu sinadarai masu wuyar samu, dutsen da ake kira Sayh al Uhaymir 169, wanda aka tsinta a Oman, shi ne ya yi suna a wannan.

Ka lura babu zinari a lissafin nan, babu wani sinadarin da duniya ba ta da shi. Ni a ganina wannan shi ne abin da mutane ba sa son ji, an fi son a ce akwai wani sirri a ciki. Hatta nau'in oksijin ɗin da ke jikinsa kusan iri ɗaya ne da na duwatsun duniya, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa wata daga jikin duniya ya ɓalle bayan wani gagarumin karo. To ta ina ake gane shi? Ɗakin gwaji kawai. Ana auna ƙarfe da manganis, a na wata ƙarfen ya ninka manganis kusan sau 70, a na Mars wajen sau 40. Ana duba abin da babu: ba laka, ba ma'adinan da ruwa ya yi aiki a kansu, ma'adinin kwaz, wanda ya cika yashin duniya, ma kusan babu. Wasu kuma sun haɗiye iskar da rana ke fesowa saboda daɗewarsu a fili a kan wata.

Darajarsa wurin masana ba ta sinadari ba ce, ta inda ya fito ce. Apollo duk a ɓangaren da ke kallonmu suka sauka, wasunsu ma kusa da yankin da KREEP ya yi yawa, sai aka zaci haka wata yake ko'ina. Waɗannan tsintattun su suka nuna ba haka ba ne, domin daga wurare barkatai suka taso, har da bayan wata, sai dai babu mai iya nuna maka ramin da kowanne ya fito da tabbas. Sai a 2024 kumbon Chang'e 6 na Chaina ya kawo kusan kilo 2 daga bayan watan, aka samu abin da za a kwatanta su da shi.