Kama Tebur a Gidajen Abincin Disney World: Ina Kuskure Ya Tsaya, Ina Ha'inci Ya Fara?

Walt Disney World, katafaren wurin shaƙatawar da aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 1971 kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, yana da manyan dandalai huɗu da otal-otal fiye da ashirin, kuma a cikinsu akwai gidajen abinci masu yawa waɗanda ba a samun wurin zama sai an kama tebur tun da wuri. A wajen wannan kamun tebur ne ake yawan samun saɓani. Wani saɓanin kuskure ne na tsakani da Allah, wani kuwa dabara ce da mutum ya shirya da saninsa, kuma ya kamata a rarrabe su.

Idan mutum ya kama tebur, mene ne ainihin abin da aka yi masa alkawari?

Nan ne tushen yawancin rikicin. Baƙo yana ɗauka cewa idan ya kama ƙarfe 7 na yamma, akwai wani tebur da za a share a ajiye masa babu kowa a kai har ya iso. Ba haka tsarin yake aiki ba. Abin da aka ba shi shi ne fifiko a layi, wato idan ya iso ya sanar da zuwansa, za a ba shi tebur na farko da ya samu wanda ya dace da yawan mutanensa. Saboda haka iyalin da suka iso a kan lokaci suna iya tsayawa minti goma ko ashirin, musamman idan waɗanda ke zaune sun ƙi tashi saboda ruwan sama ko suna jiran wasan wuta na dare. Wanda bai san wannan ba zai ga kamar an yaudare shi, ya huce a kan ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, alhali ita ba ta da ikon tashin wanda bai gama cin abincinsa ba.

Haka kuma kama tebur ba tikitin shiga ba ne. Gidan abincin da ke cikin Magic Kingdom ko EPCOT, biyu daga cikin manyan dandalan huɗu, yana bayan ƙofar dandalin ne, don haka dole kowa ya mallaki tikitin shiga na wannan rana kafin ya kai ga teburinsa.

Yaushe ake fara kamawa, kuma me ya sa ake rububi?

Ana buɗe rajista kwana 60 kafin ranar da ake so, da misalin ƙarfe 6 na safe agogon Florida. Kafin annobar korona ta 2020 wa'adin kwana 180 ne. Wanda ya sauka a otal ɗin kamfanin yana da wani gata, domin tun kwana 60 kafin ranar saukarsa yana iya kama na dukkan kwanakin zamansa, har zuwa kwana goma, kuma wannan ne ya sa wanda ke masauki a waje kan tarar an riga an kwashe lokutan da suka fi daɗi. Gidaje irin su Cinderella's Royal Table da ke cikin fadar tsakiyar Magic Kingdom, da Space 220 da aka buɗe a EPCOT a 2021, sukan cika cikin ɗan lokaci kaɗan. Mai kamawa daga Kano ko Zinder ya sani cewa ƙarfe 6 na safiyarsu ƙarfe 11 na safe ne a wurinmu daga Maris zuwa farkon Nuwamba, a sauran watannin kuma ƙarfe 12 na rana.

Waɗanne kura-kurai ne ake yi ba da gangan ba?

Na farko shi ne kwanan wata. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, don haka 6/7 a wurinsu 7 ga Yuni ne, mu kuwa muna karanta shi 6 ga Yuli. Na biyu shi ne rikita safe da dare, sai mutum ya kama karin kumallo na ƙarfe 8 yana zaton abincin dare ya kama. Na uku shi ne rikita wurare. Disneyland na jihar Kalifoniya, wanda aka buɗe a 1955, wuri ne dabam da ke can ɗaya gefen ƙasar, kuma akwai gidajen da ke da suna ɗaya a wuraren biyu, kamar Oga's Cantina. Ko a cikin Disney World ɗin kanta akwai Rainforest Cafe guda biyu, ɗaya a bakin dandalin Animal Kingdom, ɗaya a Disney Springs, unguwar kantuna da gidajen abinci.

Sai kuma batun nisa, wanda baƙi suka fi rainawa. Faɗin wurin ya kai kimanin murabba'in kilomita ɗari, kuma tashi daga wani otal zuwa wani a bas ko jirgin ruwa yana iya cin fiye da awa ɗaya, domin sau da yawa sai an sauya abin hawa. Galibi akan yi wa mai latti haƙuri na kimanin minti 15, bayan haka sai abin da ma'aikata suka ga zai yiwu.

Me ya sa ake neman katin banki, kuma nawa ne tarar?

Saboda a da mutane sun mayar da kamun tebur abin wasa. Iyali ɗaya sukan kama gidaje uku ko huɗu a dare ɗaya, su zaɓi wanda ya yi musu, sauran kuma su bar su ba tare da sun soke ba. A 2011 kamfanin ya fara neman katin banki a wasu zaɓaɓɓun gidaje, a 2013 kuma ya faɗaɗa dokar zuwa sauran gidajen da ake zama a kawo wa mutum abinci. A yawancinsu, wanda bai zo ba kuma bai soke aƙalla awa biyu kafin lokacin ba, za a cire masa dala 10 a kan kowane mutum. Wasu gidajen sun fi tsanani. A Cinderella's Royal Table ana biyan kuɗin abincin gaba ɗaya tun ranar kamawa, a Victoria & Albert's kuwa, wanda ya samu tauraron Michelin, lambar yabo ta fitattun gidajen abinci, a 2024, tarar ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma wa'adin sokewar na kwanaki ne.

Akwai sauƙin da mutane da yawa ba su sani ba: a gidajen da ba a biya tun farko ba, idan an kama na mutum shida sai huɗu suka zo, ba a cin tarar biyun da suka rage. Don haka babu dalilin ƙirƙiro wa kaka ciwon ƙarya don a kauce wa tara.

Shin kama tebur biyu a lokaci ɗaya ha'inci ne, tunda za a soke ɗaya?

Manhajar kamfanin ba ta barin asusu ɗaya ya riƙe gurbi biyu da suka ci karo, shi ya sa wasu ke amfani da asusun miji da na mata. Masu yin haka sukan ce ba su karya wata doka ba, tunda suna sokewa kafin wa'adi ya cika. A ganina wannan hujja ba ta isa ba. Teburin da aka riƙe wata biyu sannan aka sake shi awa biyu da rabi kafin lokaci ya riga ya kuɓuce wa iyalin da suka yi shekaru suna tara kuɗin wannan tafiya, waɗanda suka duba tun da wuri suka ga babu, suka haƙura suka tsara ranarsu a wani wuri. Idan kuma ba a samu mai cike gurbin ba, asarar tana sauka a kan mai kawo abinci, wanda a Amurka mafi yawan abin da yake samu daga tukuicin baƙi yake fitowa. Kamfanin ba zai ji komai ba, amma shi zai ji a aljihunsa a wannan daren.

Ban ce duk mai riƙe gurbi biyu mugu ba ne. Wanda bai tabbatar da ranar saukar jirginsa ba yana da uzuri. Abin da ake nema a gare shi kawai shi ne ya saki wanda ba ya buƙata a ranar da ya tabbatar, kada ya jira sai wa'adi ya zo wuya.

Yaya batun shekarun yara da yawan mutane?

A tsarin wurin, yaron da bai kai shekara 3 ba yana shiga kyauta, kuma a gidajen da kowa ke ɗibar abinci da kansa yana ci daga farantin iyayensa ba tare da biya ba. Daga shekara 3 zuwa 9 farashin yara ne, daga 10 kuwa ana lissafa shi a matsayin babba. Ba kasafai ake neman takardar haihuwa ba, magana ce ta amana, kuma wannan amanar ce ke jan wasu iyaye su rage wa yaro shekara. Abin da ya fi damuna a nan bai tsaya ga kuɗin ba. Yaron yana tsaye yana ji, wani lokaci ma tun a mota ake koya masa abin da zai faɗa idan an tambaye shi. Ɗan shekara goma ya san shekarunsa sarai, kuma ya san abin da mahaifinsa ya yi.

Game da yawan mutane, kuskuren da aka fi yi shi ne barin jariri a waje wajen ƙirga, alhali ana so a ƙirga shi ko da a cinya zai zauna. Dabarar da aka fi yi kuma ita ce a kama na mutum huɗu don shi ne ya samu, sannan a iso mutum bakwai a tsaya a bakin ƙofa ana roƙo. Ma'aikata suna iya taimakawa idan da hali, amma ba dolensu ba ne. Wata dabarar ita ce raba ayari gida biyu don guje wa tukuicin kashi 18 cikin ɗari da ake ɗorawa kai tsaye a kan mutum shida ko fiye, daga baya kuma a nemi a haɗa teburan. Wannan tauye haƙƙin ma'aikaci ne a fili.

Me ya sa ake jin ana kama tebur don ajiye mota?

Ajiye mota a dandalan yana cin dala 30 ko fiye a yini, amma mai tebur a gidan abincin otal yana shiga da motarsa kyauta don ya ci abinci. Otal ɗin Contemporary kuwa da ƙafa ake zuwa Magic Kingdom daga cikinsa. Sai wasu su kama tebur a can, su nuna wa mai gadi, su ajiye mota su wuce dandali har dare. Izinin da aka bayar na cin abinci ne, kuma gurbin motar da aka cinye na wanda ya biya kuɗin ɗaki ne.

Ana iya sayen gurbi a hannun wani?

Ka'idar kamfanin ta hana sayar da gurbi ko miƙa shi ga wani. A 2015 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wasu shafukan intanet da ke kwashe gurabe suna sayarwa, har kamfanin ya tashi tsaye a kansu. Matsalar ta wuce wuraren shaƙatawa, domin a Disambar 2024 gwamnar jihar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan dokar da ta haramta wa 'yan baranda sayar da gurbin gidan abinci ba da yardar mai gidan ba. Dabam yake da shafukan da aikinsu kawai su sanar da mutum idan wani ya soke, shi kuma ya shiga ya kama da sunansa. Hanya mafi tsafta ga wanda bai samu ba ita ce ya riƙa dubawa a kwana ɗaya ko biyu na ƙarshe, lokacin da sokewa ke yawaita, ko ya shiga layin jira na manhajar idan yana kusa da gidan abincin.

Musulmi yana iya cewa jikinsa ba ya karɓar naman alade don a kula da abincinsa?

Bai kamata ba, kuma babu buƙata. Gidajen abincin wurin suna ɗaukar maganar abincin da ke tayar wa mutum da ciwo da matuƙar muhimmanci: akan turo mai dafa abinci ko wani ƙwararre ya zo teburin, a ware kayan aiki, a dafa abincin dabam, domin akwai waɗanda ɗan ɓurɓushin gyaɗa ke iya kai su asibiti. Wanda ya fake da ciwon da ba shi da shi yana cinye lokacin da ake buƙata don masu ciwon gaske. Ban da haka, ƙaryar ba za ta biya masa buƙata ba, domin wanda aka ce masa a guji alade kawai ba zai yi tunanin giyar da aka zuba a miya ba, balle yadda aka yanka kazar. Gara mutum ya faɗi gaskiya tun wajen kama teburin cewa abincin halal yake nema, ya tuntuɓi sashen kula da buƙatun abinci kwanaki kafin zuwansa, ya kuma sake maimaitawa idan ya zauna. Matambayi ba ya ɓata.

Idan kuskuren daga wajensu ne fa?

Yana faruwa, domin na'ura tana iya ɓatar da gurbi, ma'aikaci ma yana iya shigar da rana ba daidai ba. Kowane gurbi yana da lambar tabbatarwa da ake turowa ta imel, kuma wanda ya ɗauki hotonta a wayarsa ya riga ya rage rabin gardamar. A nuna ta cikin natsuwa, a nemi ganin manaja idan abin ya faskara. Wanda aka cire wa tara bisa kuskure, ko wanda rashin lafiya ko tsayawar abin hawa ta hana shi zuwa, ya je ofishin kula da baƙi ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, domin ma'aikatan suna da damar duba uzuri.

Wani lokaci kuma kuskuren yana faɗowa ta ɓangaren da ya yi wa baƙo daɗi: a kira sunan da ya yi kama da nasa, a kai shi teburin bakin taga da wasu suka kama, ko a manta da sa farantin mutum ɗaya a lissafi. A irin wannan hali ya tsaya ya ce ba shi ba ne, ya nuna lambarsa, ko ya mayar da takardar lissafin a gyara. Masu teburin na gaskiya suna nan a bakin ƙofa suna jiran a kira su, kuma idan an zo haɗa lissafi da dare, mai kawo abincin ne za a tambaya ina kuɗin farantin ya shiga.