Titunan Amurka masu sunayen manoma: tambayoyin da na gaji da amsawa

Me ya sa hanyoyin karkarar Amurka da yawa ke ɗauke da sunan iyali?

Domin gonarsu hanyar take zuwa. Mutane suna cewa "hanyar gidan su wane", sunan ya bi ta har hukuma ta kafa allo. Shi ke nan.

Ta yaya suka samu filayen?

Wasu saya suka yi. Da yawa kuma ta dokar Homestead, wadda Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862: a ba ka eka 160, ka gina gida, ka noma shekara biyar, fili ya zama naka.

Wato daji suka tarar babu kowa?

Haba! Don Allah a daina faɗar haka. Ƙasar 'yan asalin nahiyar ce, da yaƙi da yarjejeniyoyin da aka karya aka raba su da ita. Wanda ya ba da tarihin titi ya tsallake wannan, rabin labari ya bayar.

Yaya zan tabbatar da wanda aka sa wa titi sunansa?

Nan sai an bi a hankali, domin allo ba hujja ba ne. Rubutun suna ma yakan sauya. Titin Stevens Creek a Kalifoniya ya samo sunansa daga rafin da aka sa wa sunan Elisha Stephens, wanda ya jagoranci ayarin keken shanu ya tsallake duwatsun Sierra Nevada a 1844, amma ga shi allo ya rubuta shi daban. Ka fara da tsoffin taswirorin gunduma masu nuna mai kowace gona, sannan takardun mallaka na ofishin filaye na tarayya, sannan ƙidayar jama'a. Kada ka wahalar da kanka neman ta 1890, yawancinta ta lalace a gobarar 1921. Ko da sunan ya fito a taswira, mai yiwuwa iyali biyu ne masu suna ɗaya, ko kuma mai gina rukunin gidaje ne ya sa sunan 'yarsa shekaru da yawa daga baya. Wasu hanyoyin ma ba su samu suna a hukumance ba sai da aka buƙaci adireshi don motar asibiti da 'yan kwana-kwana. Ka saurari tsofaffin garin, maganarsu na da daraja, amma ka haɗa ta da takarda kafin ka rubuta. Idan ka makale kada ka karaya, haka aikin yake.

Maza Turawa ne kaɗai?

A'a. Zawarawa da matan da ba su da aure sun karɓi fili. Baƙaƙen fata kuma sun kafa garin Nicodemus a Kansas a 1877.

Gonakin suna nan?

Wasu suna nan. Amma titin Murphy a garin Sunnyvale na Kalifoniya, inda Martin Murphy Jr. ya noma alkama, yau shaguna da gidajen cin abinci ne, kamfanonin kwamfuta sun kewaye shi.