Ɗaki na yoyo: ta ina ruwan yake shigowa?

Da zarar damina ta kankama, musamman a watan Agusta lokacin marka, gidaje da yawa sukan kwana da robobi da kwanuka a jere tsakar ɗaki, an janye katifa gefe, yara sun takure a lungu ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yawan kuɗin da mutane ke zubarwa a gyaran da ba ya magani, saboda ana liƙe wurin da ba shi ne ƙofar ruwan ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yoyo, da amsoshinsu.

Ruwa na ɗiga a tsakiyar ɗakina. Ba sai in sa kafinta ya hau daidai wurin ya liƙe ba?

Kada ka yi gaggawa. Inda ruwa ya ɗiga daban, inda ya shigo daban. Ruwa in ya sami kafa a rufi ba ya faɗowa kai tsaye sai in ba abin da ya tare shi. Yakan manne a cikin kwano ya gangara, ya hau katako ya bi tsawonsa, ko ya bi wayar wuta, har sai ya tarar da abin da zai katse masa tafiya: kan ƙusa, mahaɗar katako biyu, ko inda silin ya ɗan lotsa. A nan yake sauka.

Na ga wannan a gidanmu. Ruwa yana ɗiga a kan durowar kaya, sau biyu ana kiran kafinta yana shafa kwalta a kan kwanon da ke saman durowar, yoyo bai fasa ba. A karo na uku na shiga cikin silin da tocila ana tsaka da ruwa. Sai ga wani siririn layin ruwa yana sheƙi a jikin katako, yana tahowa daga can bakin bango inda kwano ya shiga cikin katangar da ta zagaye rufin. Ya yi tafiyar da ta kai taku huɗu kafin ya iso wata ƙusa da ta ɓullo ta ƙasan katakon, a tsininta yake taruwa ya ɗiga, ɗis, ɗis. Kwanon da aka sha shafa wa kwalta lafiyarsa ƙalau. Simintin da aka toshe bakin bango da shi ne ya tsage.

Don haka ka riƙe wannan: tabon silin alama ce kawai. Ƙofar ruwan tana sama da tabon ta ɓangaren da rufi ya fi tudu, ko kuma a gefe, a layin katakon da ya ratsa wurin.

Yaya zan tabbatar ruwan sama ne ba na famfo ba?

Lokaci ne zai gaya maka. In wurin yana jiƙewa da rani, ko an kwana biyar ba a yi ruwa ba amma ɗigar tana nan daram, ka tuhumi tankin da ke kan rufi, ko bututun da aka binne a bango, ko banɗakin bene, ko bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki. Rufe famfon tankin na kwana ɗaya ko biyu ka gani. In ɗigar ta tsaya, mai gyaran famfo za ka kira.

An ce in lura da yadda yoyon yake farawa. Me hakan zai nuna?

Abubuwa da yawa, kuma kyauta. In ruwa na sauka ɗigar ta fara cikin 'yan mintoci, kuma ta tsaya jim kaɗan bayan an ɗauke, kafar a buɗe take: hudar ƙusa, kwanon da ya tsage, ko wanda iska ta ɗaga. In kuwa sai bayan sa'o'i ake ganin laima, kuma ta ci gaba har washegari, ruwan yana tsuma ne ta cikin kankare ko bango.

Sannan ka lura da irin ruwan. Akwai ɗakin da yayyafi ko ruwan da ya sauko a miƙe ba ya taɓa shi, sai ruwa mai iska. A ƙasar Hausa hadari galibi daga gabas yake tasowa, iskarsa tana kaɗa ruwa a kwance, shi ya sa bangon gabas da tagoginsa da bakin kwanon da ke wannan ɓangaren suka fi shan wahala. In yoyonka na ruwa mai iska ne, ka duba taga da bango da inda kwano ya hau kan kwano. Akwai kuma wanda sai an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya yake bayyana. Wannan yawanci magudana ce ta cika ta yi ambaliya ta koma ciki. Ka yi lissafi: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100 in aka yi ruwan milimita 30 zai karɓi lita 3,000, wato jarka 120 mai cin lita 25. Duk wannan ta 'yan indararo biyu ko uku zai fita. Leda ɗaya da ganyen darbejiya da ƙurar da hunturu ya tara sun isa su toshe hanya.

Ina ba da shawara a zagaye tabon da alli ko fensir, a rubuta rana. In ya faɗaɗa bayan ruwa na gaba, za ka ga ta wane gefe yake ƙaruwa, kuma galibi ta nan ruwan yake zuwa.

In na shiga cikin silin, me zan nema?

Kafin komai ka kashe wutar gidan daga babban makunni, har da ta inbata in akwai sola. Taka katako kawai, kada ka ɗora ƙafa a kan silin ɗin kansa. In tsohon silin asbesto ne kada ka fasa shi ko ka goge, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Idan rana ta fito, ka kashe tocila ka ɗan jira idonka ya saba da duhu. Duk inda haske ya tsillo kamar tauraro, huda ce. Ka cusa tsinke ko guntuwar waya ta ciki domin wanda zai hau sama ya gan ta. Sai dai kafar da ke tsakanin kwano da kwano ba ta nuna haske, don haka ka kunna tocila ka bi katako ɗaya bayan ɗaya. Nemi baƙin tabo, layin tsatsa, katakon da ya yi laushi, da wurin da ruwa ya wanke ƙura ya bar sawu. Bi sawun zuwa sama har inda ya ƙare. Da safe ya fi, domin da azahar cikin silin tanderu ne.

A rufin kwano, ina ne ruwa ya fi shiga?

Da wuya ka ga ruwa ya shiga ta tsakiyar lafiyayyen kwano. Mahaɗa yake nema. Na farko ƙusa: zafin Maris da Afrilu yana sa kwano ya miƙe da rana ya tsuke da dare, a hankali ƙusa ta sassauta, robar da ke ƙarƙashin hularta ta bushe ta tsage, sannan iskar farkon damina ta zo ta ƙarasa. Ƙusar da aka buga a kwarin kwano maimakon a kan tudunsa kuwa tun ranar farko matsala ce, don a kwarin ruwa yake gudu. Haka ƙusar da ta kuskure katako aka zare ta aka bar hudar.

Na biyu inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa. In an yi tsumulmular kwano, hawan bai kai kamar tsawon taƙi ɗaya ba, ko rufin ba shi da gangara sosai, iska tana tura ruwa ya koma sama ya tsallaka ciki. Sai ƙololuwar rufi, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, da bakin bango irin wanda na ba da labari. Gidajen da ake ɓoye rufinsu a bayan katanga suna da kyan gani, amma magudanar da ke ɓoye a bayan katangar tana yawan jawo yoyo, don ba mai ganinta balle ya share. A ƙarshe ka tambayi kanka wa ya hau rufin kwanan nan. Masu kafa sola da farantin satalayit da tanki sukan huda kwano ko su lotsa shi da ƙafa.

Na duba ban ga komai ba. Sai me?

Sai gwajin ruwa, kuma shi ne hanyar da na fi amincewa da ita. Ranar da gari ya bushe, mutum biyu: ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a sama da tiyo ko bokiti. Sharaɗin shi ne a fara daga ƙasa. Ka jiƙa ɗan ƙaramin wuri a ƙasa da inda kake zargi, ka ba shi minti 10 ko fiye, na ciki yana kallo. In ba komai, ka matsa sama kaɗan. In ka fara daga ƙololuwa, ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ɗaki ya yi yoyo, kai kuma ba ka san ta ina ba. Haƙuri ne jarin wannan aikin. Mutane da yawa suna watsa ruwa na minti biyu su ce ba nan ba ne, alhali ruwan yana kan hanya.

Wanda ke sama ya taka layin ƙusoshi, don a nan katako yake. Kada a hau rufi yana jiƙe da ruwan sama, kada a hau in hadari ya haɗu ana walƙiya, kuma a kula da wayar wutar da ta ratso kusa da rufin.

Nawa rufin kankare ne, wanda ake kira dakin. Ai ba ƙusa ba kwano, me ya kawo yoyo?

Kankare ba ya hana ruwa ɗari bisa ɗari, musamman in ruwan ya kwanta a kansa. Hau sama bayan an ɗauke ruwa da sa'a ɗaya ko biyu ka ga inda ya taru, ka zagaye da alli. In ya riga ya bushe, za ka gane wurin da baƙin datti ko gansakuka. Duba tsaga komai sirantarta, da kusurwar da rufi ya haɗu da katanga, da kewayen bututun da ruwa ke sauka ta ciki, da ƙarƙashin tanki. In an shimfiɗa kwalta, nemi inda ta kumbura ko bakinta ya ɗago, domin ruwa yakan shiga ta nan ya yi tafiya a ƙarƙashinta.

Ana iya toshe mafitar ruwa a tara ruwa mai zurfin santimita 2 zuwa 3 a ɓangare ɗaya na kwana guda a gani, amma kada a wuce haka, ruwa yana da nauyi: zurfin santimita 5 kilo 50 ne a kan kowane murabba'in mita. Abin da nake so a ɗauka da muhimmanci shi ne rodi. In ruwa ya kai gare shi yana tsatsa, tsatsar tana kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Duk wanda ya ga jan tabo a ƙasan dakin, ko kankare yana ɓarewa rodi ya fito fili, injiniya zai kira, an wuce batun shafa siminti.

Bango ne ke jiƙewa, fenti na ɓarewa. Daga rufi ne?

Duba tsayin laimar. In daga sama take saukowa, rufi ne ko kan katangar da ba a yi wa murfi ba. In a ƙarƙashin taga ko kusurwoyinta take, ruwa yana bin tsakanin firam da bango, ko dakalin tagar ya karkato ciki. In a tsakiyar bango take, zagaya waje ka nemi tsagar filasta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuwa daga ƙasa take hawa har wajen gwiwa ko ƙugu, da farin gari kamar gishiri, danshin ƙasa ne, kuma sau da yawa indararo ne ke zubar da ruwa a gindin ginin.

Mu soron ƙasa gare mu. Shi fa?

A soro ma ruwa yakan shiga nan ya fito can, yana bin azara. Fara da bakin indararo, inda ƙasa takan zaizaye ruwa ya bi ta gefensa maimakon ta cikinsa, sai gindin rawani da zanko, sai inda rufin ya lotsa ruwa yana kwanciya, da ramukan gara da ɓera, da ciyawar da ta tsiro saiwarta ta huda yaɓe. Magina na da sun san dalilin da ya sa suke sabunta yaɓe kafin damina, suna shafe shi da makuba ta kwasfar ɗorawa ko laso. Kada a yi gwajin tara ruwa a kan soro. Kuma in ƙasa ta fara zubowa daga rufi, ko azara ta lanƙwasa, ko ana jin ƙara-ƙara, a fitar da kowa daga ɗakin a daren nan. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyinta yana ƙaruwa sosai, azarar da gara ta ci kuma ba ta yin sallama.

Silin ya kumbura da ruwa, kuma dare ne. Me zan yi kafin safiya?

Kashe wuta, kwashe kaya da mutane daga ƙarƙashinsa, ajiye bokiti, sannan ka tsaya daga gefe ka huda tsakiyar kumburin da ƙusa ruwan ya tsiyaye, ya fi a bar shi ya rufto gaba ɗaya. In an gano kafar an gyara, kada a yi saurin sauya silin ko shafa fenti. A maimaita gwajin tiyo a wurin, a bari a yi ruwa mai iska sau biyu ko uku, katako ya bushe, sannan a rufe.